Yadda zaka ɗauki hoton fili da bakin ruwa da hunturu, ko da waya ce kawai a hannunka

Duk shekara da hunturu ya kama sai in ji masu hoto a garin nan na Katsina sun fara mita, wai gari ya yi hazo babu abin ɗauka, a bari sai damina ta faɗi ciyawa ta fito sama ta yi shuɗi tukunna. Ni kuwa wallahi in na buɗe kwamfuta ina duba abin da na tara, hotunan da nake tsayawa a kansu kusan duk tsakanin Disamba da Fabrairu na ɗauke su, lokacin da leɓe ke tsagewa mutum na fama da mura. Sana'ata hoton biki ce da suna da walima, nan ne abinci yake, amma wannan na daji da bakin dam shi ne nake yi don raina, kuma tunda yara da yawa suna tambayata a inbos yaya ake yi, bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauka.

Matsalar mutanenmu ita ce hoton da ke cikin kansu ba na nan bane. Mutum ya gama kallon hotunan Turai a Instagram, sama shuɗi shar, gajimare fari tas, sai ya fito bayan Ƙofar Guga yana neman irin wannan a watan Janairu, ina zai same shi? Ƙurar nan tafiya ta yi mai nisa kafin ta iso mana, mafi yawanta daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta ratso Nijar ta sauke mana. Ba zaka iya korarta ba, toh ka yi aiki da ita. Abin da hazo yake yi wa hoto shi ne yana raba fili hawa-hawa, itacen da ke kusa da kai ya fito baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, na can baya kamar an zana shi da fensir an goge rabi, dutse na can ƙarshe kuma sai inuwarsa kawai. Da damina duk wannan babu, komi ya fito rangaɗau lokaci guda ido ya rasa inda zai sauka. Kuma hazo yana ɓoye ƙazanta, ledoji da turakun wuta da eriyar kamfanin waya da ke ɓata maka bayan hoto, duk sai su narke su ɓace ba ka biya ko sisi ba.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne mafi yawa suke faɗuwa saboda bargo ya fi daɗi. A Katsina ƙarshen Disamba rana na fitowa wajen bakwai saura kwata, zuwa tsakiyar Janairu ta kusa kai bakwai, ta faɗi shida da 'yan mintuna. Kenan in ka sallame sallar asuba kana da abin da bai kai awa guda ba ka isa inda zaka, ka kafa kaya kafin gari ya waye sosai. Kar ka koma gida ka ce bari in ɗan kishingiɗa, ka fito masallaci da jakarka kawai ka hau mashin. Hasken nan na kafin fitowar rana da minti ashirin, da na bayan fitowarta da kamar minti arba'in, shi ne kasuwar gaba ɗaya. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, rana ba ta jan ƙafa kamar a Turai, tana fitowa take miƙewa sama, zuwa tara da rabi haske ya yi fari fat ya baje, sai dai ka tafi neman ƙosai da koko.

Da yamma kuma akwai wani abu da sai wanda ya sha wuya ya sani. Ranar da hazo ya yi kauri rana ba ta kaiwa ƙasa, tun tana sama da kan itatuwa take shigewa cikin ƙura ta ɓace kamar an hure fitila. Kai kana zaune kana duba agogo wai sai shida da minti goma zata faɗi, biyar da rabi ka ɗaga kai babu ita. Saboda haka ana idar da la'asar ka kama hanya, ƙarfe biyar ta same ka a wurin. Kuma ka tuna da hunturu rana ba daga gabas sak take fitowa ba, ta karkata kudu, haka ma faɗuwarta yamma maso kudu ne, in ka je duba wuri da damina ka sa a ranka zata faɗi bayan wancan kukar, da hunturu zaka tarar ta matsa hagu sosai. Ka riƙa tafiya da alwala, don hoton na ƙarewa ana kiran magariba.

Ina za a je? Ba sai ka yi nisa ba. Dam ɗin Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, wanda garin Katsina ke shan ruwansa, nan na fi zuwa saboda kusa ne. Mutanen Daura ta Abdu kuna da Sabke da Daberam. Akwai Zobe a wajen Dutsin-Ma mai faɗi kamar ba zai ƙare ba ga duwatsu a yankin, akwai na Jibiya, amma waɗannan biyun dan Allah kar ka ɗauki jaka da asuba ka nufe su don ka karanta a nan, kowa ya san halin da hanyoyin yammacin jihar suka shiga shekarun nan, ka tambayi ɗan gari wanda ka yarda da shi yaya ake ciki a satin, in ya ce a bari toh a bari. A cikin gari kuma ga hasumiyar Gobarau, jar ƙasarta da hasken yamma na hunturu sai ka ce dama don juna aka yi su, ga guntayen ganuwa da suka rage, ga tsohuwar Kwalejin Katsina, ga Ƙofar Soro in ka nemi izinin dogarai. Hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi ma kaɗai ta ishe ka shekara, gonaki an girbe an tsayar da kara, harawa a ɗaure bisa itace, rumbuna a bayan gida, amalanke na tafe shanu na tada ƙura.

Itatuwa ma ka san su, don su ne 'yan wasanka. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara da rassa kamar saiwa, babu abin da ya kai ta kyau in ka sa rana a bayanta. Gawo kuma nasa a juye yake, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, shi ya sa in kana son ɗigon kore guda a cikin fili mai ruwan ƙasa gawo zaka nema, sau da yawa ma ka tarar da awaki ko shanu a gindinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Goriba mai rassa biyu-biyu, giginya doguwa sambal, waɗannan daga nesa ake gane su ko cikin hazo. Shamuwa kar ka neme ta ta tafi sai damina, amma balbela na nan tana bin shanu, kuma a gefen dam ga masu noman rani, albasa da tumatir da latas, kore tsanwa a gaba, toka a baya.

Yanzu saiti. In kyamara gare ka irin su Canon ko Nikon ko Sony, ka cire ta daga Auto. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ƙofar haske a f/8 ko f/11 don gaba da baya su fito tare, ka bar kyamarar ta zaɓi gudun shota (tsawon lokacin da take buɗewa haske ya shiga), wato inda aka rubuta A ko Av a kan maɓallin sama. Kar ka ce bari in kai f/22 don komi ya fi fitowa, a nan hoto laushi yake ƙarawa, kuma duk wata ƙurar da ta zauna a kan sensa, ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, sai ta fito maka ɗigo-ɗigo a sama kamar ƙyanda. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamarar na yi, ya fi cin memori amma wajen gyara zaka gode.

Abu biyu ne hazo yake rikita wa kyamara. Na farko awon haske, ita in ta ga fili ya yi fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, hoton ya fito duhu-duhu kamar ruwan wanki, toh sai ka ƙara mata da kanka, maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi, ka kai +0.3 ko +0.7. Amma in rana kake fuskanta kana son kuka ko mai kwale-kwale ya fito baƙi, akasin haka zaka yi, ka rage zuwa -1, wani lokaci har ƙasa da haka. Ka daina yarda da sikirin, ka kunna histogiram, wannan zanen mai kama da tudu, in tudun ya je ya manne a bangon dama toh sama ta ƙone babu abin da zai dawo da ita. Na biyu launi. In ka bar saitin daidaita fari, wato White Balance, a Auto, kyamara zata ga ruwan zuman nan na ƙura ta ɗauka kuskure ne ta wanke shi, alhali shi ka fito nema. Ka sa shi a alamar rana ko ta gajimare, ko in da lamba kake so tsakanin 5500 da 6500. Fokas ma yana wahala a hazo, lens ya yi ta kai da kawowa yana ƙugi, ka nemo gefen wani abu mai duhu kamar kututturen itace ka kama a nan.

Masu waya kar ku ce ba da ku ake ba, rabin hotunan da nake sawa a shafina da waya ne. Tecno, Infinix, Redmi, Samsung, yawancinsu suna da wurin da aka rubuta Pro a cikin kyamara, nan zaka samu ISO da shota da daidaita fari duka. Ka kunna layukan nan da ke raba sikirin gida tara. Ka taɓa inda kake son fokas ka riƙe har ya kulle, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Zum kuma iya lambar da wayar ta rubuta da kanta, 2x ko 3x in tana da lens ɗinsa, wannan na buɗa yatsu biyu har 10x ɓata hoto ne kawai. Ka kashe duk wani abin ƙawata hoto da wayar ke yi da kanta, shi ne ke mayar da sama wani irin shuɗi na ƙarya. Sannan abin da ya fi duka, ka goge gilashin kyamarar. Da hunturu kowa hannunsa da basilin ko man kaɗanya, ka shafa a leɓe ka shafa a ƙafa ka ɗauki waya, gilashi ya yi maiƙo, hoto ya fito dishi-dishi ka ce hazo ne, alhali man hannunka ne.

Tsara hoto shi ne inda nake son in daɗe, don saiti kowa zai iya haddacewa a yini guda. Kuskuren da na fi gani, mutum ya iso bakin dam ruwa ya burge shi, ya ɗaga waya daidai ƙirji ya danna, ya koma gida ya ga layi biyu kawai, toka a sama toka a ƙasa. Idonka ya ji faɗin wurin saboda kana tsaye a ciki iska na kaɗa ka, hoto bai san wannan ba, sai ka ba shi wani abu a kusa da zai riƙe. Kwale-kwalen da aka jawo gaɓa, koma da aka shanya, gorar masunci, sawun shanu a laka, ƙasar da ta tsattsage inda ruwa ya janye. Ka durƙusa, kai har ka kwanta in ta kama, wandon zai wanku. Abu na kusa, abu na tsakiya, abu na nesa, in ka samu ukun nan hazo zai yi maka sauran aikin. Kuma tunda saman hunturu babu gajimare babu komi, kar ka ba ta rabin hoto, ka tura layin da ƙasa ta haɗu da sama can kusa da ƙarshe, sai fa in akwai rana ko tsuntsaye a ciki. Layin kuma ya miƙe, ruwa ba ya kwanciya a karkace, ko kaɗan ya karkata ido zai ji kamar dam ɗin zai tsiyaye ta gefe.

Wata safiya a Ajiwa na iso tun da sauran duhu, sanyi har cikin ƙashi, irin ranakun da yake sauka ƙasa da digiri 15, ruwan yana fitar da wani tururi siriri saboda ya fi iskar ɗumi. Na kafa ƙafa-uku, abin nan da ake ɗora kyamara a kai, ina ta ɗaukar ruwa da tururi, babu wanda ya yi min. Sai ga wani dattijo masunci ya fito da rawani ya naɗe har hanci, yana kwance igiyar jirginsa. Na gaishe shi na ce Baba ina kwana, ya sanyi, dan Allah in ba damuwa zan ɗauke ka hoto in ka shiga ruwa. Ya dube ni ya dubi kayana ya ce, yaro kai da sanyin nan abin da ya fito da kai kenan? Na ce shi ne Baba. Ya yi dariya ya ce toh Allah ya ba da sa'a, amma ka jira in kai wajen kututturen can, nan nake jefawa. Na sa shota a 1/500 na sakan na jira. Ya kai, ya miƙe tsaye, ya juya kafaɗa ya watsa, ragar ta buɗe kamar faifai daidai lokacin da rana ta leƙo ja jawur ba ta da zafi ko kaɗan. Sau uku ya jefa, na biyun ne ya yi. Da ban gaishe shi ba da ban san inda zai tsaya ba, da ina can na saita wani gefen. Sati na zagayowa na wanko masa guda na kai masa.

Wannan ya kawo maganar izini. An ce Katsinawa kunya gare mu ba dai tsoro ba, toh a ajiye kunyar a yi sallama a tambaya. Mata masu wanki ko ɗibar ruwa, kar ka ɗaga musu kyamara, ko daga nesa ne. In ƙauye ka shiga ka fara da mai unguwa ko dattawan da ke zaune a bakin masallaci. Shingen jami'an tsaro, injinan ruwa na dam, gidan gwamnati, filin jirgi, ka kauda kai. Jirgin nan mara matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama kuwa sai da izinin hukuma, kuma a yanayin da ake ciki ka tashe shi a bayan gari kai ka jawo wa kanka.

In kana son ruwa ya kwanta lumui kamar madara, shota zaka ja ya daɗe a buɗe, kuma dole kyamara ta zauna daram. Ƙafa-uku ko na dubu kaɗan ne ya fi babu, in babu shi ka cika safa da shinkafa ko yashi ka ɗora a kan dutse. Ka sa taima na sakan 2 don kar dannawarka ta girgiza ta. Kafin fitowar rana haske kaɗan ne, zaka samu sakan ɗaya zuwa goma ba tare da komi ba. In gari ya waye sai da filta mai duhu da ake kira ND, kamar baƙin tabarau ne ga lens. Lissafinsa ba wuya, mai mataki 6 yana mayar da 1/125 ya koma rabin sakan, mai mataki 10 yana mayar da 1/30 ya koma kusan sakan 30. Ka kama fokas kafin ka ɗaura shi don in ya hau kyamara ba ta gani. Masu iPhone ku ɗauka da Live sannan ku zaɓi Long Exposure a cikin hoton, yana yin abin da ya kusa haka. Akwai kuma filta mai kashe ƙyalli, folaraiza, tana cire walƙiyar saman ruwa da na ganye in rana na gefenka, amma kar wani ya sayar maka da ita da sunan tana cire hazon hunturu, ƙura ce a iska, gilashi ba ya share ta.

Ƙurar nan kuma ita ce ajalin kaya. Ni na taɓa canza lens a tsaye a fili iska na busawa, don ina saurin kar garken shanu ya wuce, daga ranar duk hoton da na ɗauka sai ga ɗigo bakwai a sama, har na amare, sai da na kai Kano aka wanke sensa na biya kuɗin da ya ƙona min rai. Ka zaɓi lens ɗaya tun daga gida. In dole ne ka canza, ka shiga mota ka rufe gilashi, ko ka juya wa iska baya ka kifa bakin kyamarar ƙasa ka yi cikin jaka. Gogewa kuma ka fara hurewa da ɗan famfon roba, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyalle, in ka fara da gefen riga yashi ne kake murzawa a gilashi. Kar ka hura da baki. In da lens ɗaya zan fita da hunturu dogo zan ɗauka, irin 55-250 ko 70-200, shi ne ke matso da hawa-hawan nan su taru wuri guda kuma rana ta fito ƙatuwa kamar tire. Sai dai ko ta yi sanyi a ido kar ka ƙura mata ta cikin madubin leƙe da dogon lens, ka duba ta sikirin.

Toh sai teku, don na san cikinmu akwai masu zuwa Legas fatauci, akwai masu Umara, akwai ɗalibai a waje. Duk abin da na faɗa yana aiki a can, bambancin shi ne ruwan dam yana zaune yana jiranka, teku kuwa ba ta jiran kowa kuma mu 'yan tudu ba mu san halinta ba. Gaɓar Legas kudu take kallo, kuma da yake a Disamba da Janairu rana ta karkata kudu, zaka iya samun fitowarta da faɗuwarta duka ta gefen ruwa, abin da ba ka samu a watan Yuni. Hazon ma yana kaiwa can amma ya fi namu sauƙi. Badagiri akwai itatuwan kwakwa jere a bakin ruwa, Tarkwa Bay sai an shiga jirgin ruwa, wuraren Lekki kuma yawanci sai ka biya kuɗin shiga, wasu in sun ga babbar kyamara su ce ita ma da nata kuɗin, ka tambaya tun a ƙofa. A Jidda kuwa Bahar Maliya yamma take, rana a cikin ruwa take faɗuwa, in ka fita bakin teku bayan la'asar ka gama, sai dai can ma ba a ɗaukar mutane ba izini, sun fi mu tsanani a kan haka.

Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50, wata ne ke janta. Ka duba jadawalin a intanet kafin ka fita. Lokacin da take janyewa ya fi, yashi a jiƙe yana ƙyalli kamar madubi babu sawun kowa, kuma ruwa baya yake yi ba kanka yake tahowa ba. Da ka isa kar ka fiddo kaya, ka tsaya minti goma kana kallo kawai, igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, ƙanana su zo su zo sannan babba ta taho ta wuce inda duk sauran suka tsaya. Ni ranar farko ban san haka ba, na kafa ƙafa-uku inda na ga yashi a bushe-bushe, na juya baya ina ciro filta a jaka, sai ji na yi ruwa har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi har yau, Allah ya sa igiyar kyamarar na wuyana. Wani ɗan Arewa mai sayar da rake a wurin ya ce min, Malam ba a ba teku baya. Kuma in ba ka iya ruwa ba, kai ko ka iya na dam, kar ka shiga ya wuce idon sawu, ruwan Legas yana da ja ta ƙasa.

Saitin igiyar ruwa ya danganta da abin da kake so. In so kake ka daskarar da ita ta tsaya cak da ɗigo-ɗigonta, 1/500 zuwa 1/1000. In zaren nan farare kake so masu kama da an ja auduga a kan yashi, rabin sakan zuwa sakan ɗaya, kuma sirrin shi ne ba lokacin da ruwa ke tahowa ake dannawa ba, sai ya gama hawa ya fara komawa. Sakan 30 kuma yana mayar da teku hayaƙi, yana da kyau in akwai duwatsu ko turaku a ciki, in babu komi sai ya zama farin allo. Ka danna ƙafafun ƙafa-ukun su nutse sosai a yashi, in ba haka ba ruwa na zuwa zai kwashe yashin ƙarƙashinsu hoto ya girgiza. Ka ɗauka da yawa, cikin ashirin ɗaya ne zai yi.

Gishiri ya fi ƙura mugunta. Ko ruwa bai taɓa ka ba iskar na ɗauke da feshi, bayan minti kaɗan gilashi ya yi danƙo. Ka riƙa rufe lens tsakanin hoto da hoto, in zaka goge ka fara da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan sha sannan busasshe. Da ka koma masauki ka wanke ƙafa-ukun da ruwan famfo ka buɗe gaɓoɓinsa ya bushe, ka goge jikin kyamara, in ka bari sati guda zaka tarar sukurori sun yi tsatsa. Ɗalibanmu na Ingila da makamantansu, ku naku sanyin na gaske ne, a Disamba rana sai wajen takwas take fitowa kafin huɗu ta faɗi, kuma yini guda tana ƙasa-ƙasa, wato haske mai kyau kusan duk yini. Batir yana mutuwa da wuri a sanyi, ku sa na biyu a aljihun ciki kusa da jiki. In zaku shiga ɗaki mai ɗumi ku bar kyamara cikin jaka a rufe kamar awa guda, in ba haka ba raɓa zata kwanta mata har ciki. Kuma cikar tekunsu ba irin ta Legas bace, akwai wuraren da bambancin cika da janyewa ya haura mita 10, mutum na kan dutse yana hoto ruwa ya zagaye shi ta baya.

Gyara kuma a yi shi da sauƙin hannu. Cikin manhajojin gyaran hoto Snapseed kyauta ne, Lightroom na waya ma yawancin abin da kake buƙata kyauta ne. Ka fara miƙe layin ruwa, ka rage wuraren da suka yi haske da yawa, ka ɗan ƙara baƙi don abin da ke gaba ya yi nauyi. Akwai wani maja a Lightroom da aka rubuta Dehaze, shi ne ke cire hazo, yara suna ja shi har ƙarshe hoto ya koma kamar an soya shi, sama ta yi dabbare-dabbare, ni ba na wuce 10 ko 15, wani lokaci ma baya nake ja in ƙara hazon. In launin ya ƙi daɗi ka mayar da shi baƙi da fari ka gani, hoton kuka da na ganuwa sau da yawa a nan suke tashi. In zaka tura wa wani ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen, in ka tura haka kawai zai matse shi, kuma hoton hazo shi ya fi jin jiki, saman nan mai laushi sai ta koma layi-layi.